TSOHO A BAKIN SITIYARI: Abin da Tseren Motoci na Dauri Ya Koya Mana Game da Jikin Ɗan Adam

Gabatarwa

A ranar Lahadi, 4 ga watan Agusta na shekarar 1957, aka yi wani tseren motoci a filin Nurburgring na ƙasar Jamus, wanda har yau masu sha'awar wannan wasa ba su daina zancensa ba. Wani dattijo ɗan ƙasar Ajantina mai suna Juan Manuel Fangio, mai shekara 46 da haihuwa, ya tsaya a tsakiyar tseren domin a ƙara masa mai a kuma canza masa tayoyi. Makanikai suka yi nawa, har ta kai lokacin da ya koma kan hanya waɗansu samari biyu 'yan Ingila sun ba shi ratar kusan sakan 50. Ɗaya Mike Hawthorn ne mai shekara 28, ɗaya kuma Peter Collins mai shekara 25. Kafin a tashi, dattijon ya cim musu, ya wuce su, ya cinye tseren, ya kuma zama zakaran duniya karo na biyar.

Ga malamin ilimin halitta, akwai abin dubawa a nan. Muna koya wa ɗalibai cewa da zarar mutum ya wuce shekara talatin, ƙarfin tsokarsa da saurin jijiyoyinsa da juriyar zuciyarsa sukan fara raguwa sannu a hankali. To, ta yaya mutumin da ya kusa shekara hamsin ya fi sa'o'in 'ya'yansa a wasan da ake ganin duk na zafin nama ne? Wannan ita ce tambayar da za mu bi diddiginta. Za mu ɗauki direbobin da aka haifa a farkon ƙarni na ashirin a matsayin abin nazari, domin a zamaninsu ne gudun mota ya fara fin ƙarfin jikin mai tuƙa ta.

Yadda Gudu Ya Ƙaru

Tseren motoci ya samo asali ne daga ƙasar Faransa. A shekarar 1894 aka shirya gasar farko daga birnin Paris zuwa Rouen. A shekarar 1895 aka yi tsere daga Paris zuwa Bordeaux a dawo, tafiyar kilomita 1,178. Emile Levassor, wanda ya riga kowa isowa, ya yi awa 48 da minti 48 a kan hanya, wato kimanin kilomita 24 ke nan a kowace awa. Ƙaƙƙarfan saurayi a kan keke zai iya yin wannan gudu.

Amma abin bai tsaya nan ba. A shekarar 1903 hukuma ta dakatar da tseren Paris zuwa Madrid a Bordeaux saboda yawan mace-mace, cikin waɗanda suka rasu har da Marcel Renault, ɗaya daga cikin 'yan'uwan da suka kafa kamfanin Renault. Daga nan aka fi karkata ga yin tsere a killatattun hanyoyi masu zagaye. A shekarar 1906 aka yi babbar gasa ta farko mai suna Grand Prix a kusa da garin Le Mans, inda Ferenc Szisz ya yi nasara da gudun da ya ɗan haura kilomita 100 a awa. An fara tseren Indianapolis na Amurka a 1911, an buɗe filin Monza na Italiya a 1922, na Nurburgring a 1927, sannan aka fara tseren cikin birnin Monako a 1929.

Yaran da aka haifa a cikin waɗannan shekaru su ne suka taso suka tarar da motoci masu ban tsoro. Akwai Rudolf Caracciola, Bajamushe, haihuwar 1901. Da Giuseppe Farina, ɗan Italiya, haihuwar 1906. Da Bernd Rosemeyer, Bajamushe, haihuwar 1909. Da Fangio, haihuwar 1911. Da Alberto Ascari, ɗan Italiya, haihuwar 1918. A cikin shekarun 1930 gwamnatin 'yan Nazi ta Jamus ta riƙa bai wa kamfanonin Mercedes-Benz da Auto Union kuɗi domin su ƙera motocin da za ta yi alfahari da su. Ranar 28 ga Janairu, 1938, a kan babbar hanyar da ta haɗa Frankfurt da Darmstadt, Caracciola ya yi gudun kilomita 432.7 a awa cikin motar Mercedes. A safiyar nan Rosemeyer ya fito da motar Auto Union domin ya karya wannan bajinta. Motar ta ƙwace masa, ta bar hanya, ya rasu nan take yana da shekara 28. Mafi yawan masu bincike sun ɗora laifin a kan iskar da ta bugi motar ta gefe.

Mai karatu ya lura: daga 1895 zuwa 1938 shekara 43 ce kacal, amma gudun mota ya ninka sau 18. Shi kuwa jikin direba yana nan yadda yake tun zamanin da kakanninsa ba su san abin hawan da ya wuce doki ba.

Tsakanin Gani da Taka Birki

Mu ɗauka direba ya hango wani abu a kan hanya. Me ke faruwa a jikinsa kafin ƙafarsa ta taɓa birki? Da farko haske zai shiga ido ya faɗa a kan wani tantani da ke can bayan ƙwayar ido, wanda ake kira ratina. A nan ne ƙwayoyin halitta masu jin haske ke mayar da shi saƙo irin na lantarki. Saƙon zai bi jijiyar gani zuwa sashen ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, inda ake fassara abin da aka gani. Daga nan sai a yanke shawara, a miƙa umurni ga sashen da ke sarrafa motsi, umurnin ya gangara ta cikin laka, ya bi jijiyar ƙafa, ya isa ga tsoka, sannan tsoka ta motsa.

Kowane zango na wannan tafiya yana cin lokaci. A mafi yawan wuraren da jijiya ta haɗu da wata jijiya akwai wata 'yar tazara, wadda saƙo ba ya tsallake ta sai ta hanyar sinadarai. Jijiyoyin da suka fi sauri a jikinmu su ne masu kauri, waɗanda aka naɗe da wani rufi mai maiƙo da ake kira mayelin, kuma iyakar gudun saƙo a cikinsu bai wuce kimanin mita 120 a sakan ɗaya ba. In aka haɗa jimla, lafiyayyen matashi da ke zaune a shirye yana jiran alama yakan buƙaci kimanin sakan 0.2 zuwa 0.25 kafin ya motsa.

Yanzu mu yi ɗan lissafi. Kilomita 432.7 a awa daidai yake da mita 120 a sakan ɗaya. Ashe ke nan motar Caracciola tana gudu ne daidai da saƙon da ke bin jijiyar da ta fi kowace sauri a jikinsa. A cikin sakan 0.2 motar ta ci mita 24. Idan iska ta ture irin wannan mota, kafin hannu ya amsa ta riga ta bar inda ya kamata a gyara ta. Ko a gudun kilomita 250 a awa, wanda motocin shekarun 1950 kan wuce a miƙaƙƙiyar hanya, mota tana shafe kusan mita 14 kafin direba ya motsa yatsa.

Malamai za su iya gwada wannan a aji ba tare da wani kayan aiki mai tsada ba. A samu rula mai tsawon santimita 30. Ɗalibi ɗaya ya riƙe ta a tsaye ta sama, na biyu ya buɗe babban yatsa da manuniya a daidai alamar sifiri ba tare da ya taɓa ta ba. Sai na farko ya saki rular ba tare da sanarwa ba, na biyu ya cafke. Idan ya cafke a kan santimita 10, ya ɗauki sakan 0.14, a kan santimita 20, sakan 0.20, a kan santimita 30 kuwa, sakan 0.25. A maimaita sau goma a fitar da matsakaici. Sannan a sake gwajin alhali ana yi wa mai cafkar tambayoyin lissafi, a ga abin da rabuwar hankali ke jawowa. In malam ya yarda, shi ma a gwada shi, a kwatanta da na ɗalibai.

Zamanin Dattawa

Abin da gwaje-gwaje irin wannan suka sha nunawa shi ne, saurin amsawa yakan kai ƙololuwa ne a cikin shekarun ashirin da wani abu, daga nan sai ya riƙa ja baya kaɗan-kaɗan. Haka ma zuciya. Akwai wani ƙiyasi da masu koyar da wasanni ke amfani da shi: a debe shekarun mutum daga 220, abin da ya rage shi ne kimanin iyakar bugun zuciyarsa a minti ɗaya. A bisa wannan ƙiyasi, na Collins zai kai 195, na Fangio kuwa 174.

Duk da haka, da aka fara gasar duniya ta Fomula 1 a filin Silverstone na Ingila ranar 13 ga Mayu, 1950, dattawa ne suka mamaye fage. Farina ya zama zakaran farko yana da shekara 43. Luigi Fagioli, haihuwar 1898, ya yi tarayya da Fangio wajen cinye tseren Faransa na 1951 yana da shekara 53. Fangio ya ɗauki kambun duniya a 1951, 1954, 1955, 1956 da 1957, da motocin kamfanoni huɗu: Alfa Romeo, Maserati, Mercedes-Benz da Ferrari. Ya ci tsere 24 daga cikin 51 da ya fara. Ba a sami wanda ya wuce kambunsa biyar ba sai a 2003, lokacin da Michael Schumacher ya ɗauki na shida.

Dalili na farko na tarihi ne. Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, ya tsayar da tsere a Turai, saboda haka samarin da ya kamata su koyi wasan a lokacin suna fagen fama. Da aka dawo, sai tsofaffin hannu. Amma wannan bai bayyana abin da ya faru a 1957 ba, domin a lokacin sababbin jini sun riga sun iso. Dole mu nemi dalili na biyu, kuma yana cikin ƙwaƙwalwa.

Abin da Babba Ya Hango

A tseren Monako na 1950, igiyar ruwa daga tashar jiragen ruwa ta fantsamo kan hanya a wata kwana da ake kira Tabac. A zagayen farko motar Farina ta zame a wurin, motoci kimanin tara suka cakuɗe suka kusa toshe hanya. Fangio yana gaba, bai san abin da ya faru a bayansa ba. Da ya zagayo a karo na biyu, ba ya iya ganin abin da ke bayan kwanar, amma sai ya taka birki sosai, ya lallaɓa ya wuce ta tsakanin tarkacen, ya je ya cinye tseren.

Daga baya ya bayyana dalili. Ya ce shi ne ke kan gaba, saboda haka kamata ya yi 'yan kallo su zuba masa ido. Maimakon ya ga hasken fuskoki, sai ya ga duhun ƙeyoyi: jama'a duk sun juya suna kallon wani abu a bayan kwana. Ya kuma tuna da wani hoton haɗari makamancin wannan na 1936 da ya gani kafin tseren. Abin lura a nan shi ne, ba saurin ƙafa ne ya cece shi ba. Ya fara taka birki ne tun kafin akwai abin da za a gani. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Kimiyya ta tabbatar da irin wannan a wani fage dabam. A shekarar 1984 wani masani ɗan Amurka, Timothy Salthouse, ya yi nazari a kan masu buga tafireta, matasa da tsofaffi. Ya tarar cewa a gwajin saurin amsawa tsofaffin sun fi nawa, amma a wajen buga rubutu ba su kasa matasan ba. Sirrin shi ne idon tsofaffin yana yin gaba da yatsunsu fiye da na matasan. Suna karanta haruffan da ke tafe tun da wuri, don haka yatsa ya riga ya shirya. Haka nan a 1994 Michael Land da David Lee, a ƙasar Birtaniya, suka auna motsin idon direbobi, suka gano cewa ido yakan sauka a kan gefen ciki na kwana sakan ɗaya zuwa biyu kafin a fara karya sitiyari.

Ta yaya ake samun wannan baiwa? Ta hanyar maimaitawa. Duk aikin da mutum ya daɗe yana yi, sarrafa shi yakan koma hannun ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ƙasan ƙeya da waɗansu curarrun ƙwayoyin jijiya da ke can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa. Wannan ne ya sa wanda ya iya keke ba ya tunanin yadda zai juya feda. Idan hannu da ƙafa suka iya aikinsu da kansu, sai hankali ya sami sukunin duban nesa.

Tarihin Fangio ya nuna inda ya tara wannan jari. An haife shi ranar 24 ga Yuni, 1911, a garin Balcarce, asalin iyayensa kuwa daga Italiya. Ya bar makaranta da wuri ya shiga koyon kanikanci, saboda haka ya san ciwon inji daga jin ƙararsa. Ya yi shekaru yana tseren dogon zango a kan hanyoyin burji da na duwatsu a Kudancin Amurka. A 1940 ya ci tseren Buenos Aires zuwa Lima a dawo, tafiyar fiye da kilomita 9,000, cikin motar Chevrolet. Filin Nurburgring kuwa, zagaye ɗaya kilomita 22.8 ne, da kwanoni fiye da 170, mafi yawansu ba a ganin bayansu. Irin wannan fili ba ya sallama wa mai zafin nama kawai, sai wanda ya haddace shi. A ranar nan ta 1957 Fangio ya yi ta karya bajintar zagaye sau da yawa a jere, har ya yi zagaye ɗaya cikin minti 9 da sakan 17.4, wato ya fi abin da shi kansa ya yi a gwajin share fage da sakan 8. Ya wuce samarin biyu a zagaye na 21 daga cikin 22, ya kuma ci da ratar sakan 3.6. Ya faɗa daga baya cewa bai taɓa tuƙi irin wannan ba, kuma ba ya fatan ya sake.

Inda Ƙwarewa Ba Ta Ceto: Barci

Kada mai karatu ya ɗauka ƙwarewa maganin kome ce. Akwai iyakokin da jiki ya gindaya waɗanda gwani da ɗan koyo duk ɗaya suke a gabansu. Na farko shi ne barci.

A watan Yuni na 1952 Fangio ya yi tsere a Dundrod da ke Ailan ta Arewa, alhali ya yi alkawarin zai yi wani a Monza washegari. Jirgin da zai kai shi ya kuɓuce masa, sai ya kwana yana tuƙi daga Faransa, ya ƙetare duwatsun Alps, ya iso ana saura kimanin rabin awa a fara. A zagaye na biyu ya yi kuskuren da bai saba yi ba. Motar ta wuntsila, ta yi jifa da shi, ya karye a wuya. Bai sake tsere ba har ƙarshen shekarar. Wannan kuwa ba shi ne karo na farko ba. A 1948, a tseren Buenos Aires zuwa Caracas, yana tuƙin dare a gajiye cikin ƙasar Peru motarsa ta bar hanya, abokin tafiyarsa Daniel Urrutia ya rasu.

Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a cikin ƙwaƙwalwarsa, yana rage kuzarin ƙwayoyin jijiya. Barci ne kaɗai ke share shi. Sinadarin da ke cikin goro da shayi da gahawa ba ya kawar da adenosin. Toshe wuraren da yake maƙalewa kawai yake yi na ɗan lokaci, bashin kuwa yana nan. Idan bashin ya yi yawa, ƙwaƙwalwa takan saci barci na 'yan sakan kaɗan, wani lokaci ma ido a buɗe. A 1997 waɗansu masana biyu a Ostireliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, suka nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, aikin hannunsa da idonsa yakan lalace kamar na wanda ya sha barasa har ta kai mizanin da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da shi. Gaskiyar masu iya magana, barci ɓarawo ne.

Zafi

Iyaka ta biyu ita ce zafi. Ranar 16 ga Janairu, 1955, aka yi tseren Ajantina a Buenos Aires, a tsakiyar bazarar ƙasar, zafin rana ya doshi digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. A motocin lokacin injin yana gaba ne, saboda haka hucinsa a kan direba yake ƙarewa. Tseren ya ɗauki awa uku. Direbobi suka riƙa galabaita suna sauka suna miƙa motocinsu ga abokan aiki. Mutum biyu ne kaɗai suka kai ƙarshe ba tare da an karɓe su ba: Fangio, wanda ya ci, da Roberto Mieres. Ƙafar Fangio ta yi ta gugar wani ƙarfe da salansa ta gasa, ya sami ƙunar da tabonta bai ɓace ba har ƙarshen rayuwarsa.

Jikin mutum yana aiki ne a kan kimanin digiri 37, kuma wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus shi ke tsaron wannan mizani. Idan zafi ya ƙaru, sai ya buɗe hanyoyin jini na fata ya kuma saki gumi. Bushewar gumi ita ke sanyaya jiki, kamar dai yadda ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa ke sanyaya na cikinta. Amma gumi daga jini ake ɗebo shi. Mai aikin ƙarfi a cikin zafi yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa guda. Jini ya ragu, ga fata tana nema, ga tsoka tana nema, ga ƙwaƙwalwa tana nema. Sai zuciya ta ƙara bugu domin ta cike giɓi. Da zarar mutum ya rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, ƙarfinsa da natsuwarsa sukan fara raguwa. In zafin cikin jiki ya haura digiri 40, ana iya samun ruɗewa, da suma, har da mutuwa.

Abin sha'awa shi ne Fangio da Mieres duka 'yan ƙasar ne, alhali Turawa sun taso ne daga tsakiyar hunturunsu. Jiki yakan buƙaci kwana goma zuwa mako biyu kafin ya saba da zafi: ruwan jini ya ƙaru, gumi ya riƙa fitowa da wuri, gishirin da ke cikinsa kuma ya ragu.

Karo

Iyaka ta uku ita ce mafi muni. Ƙarfin motsin da ke tattare da abu mai gudu ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudun. In gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin ninkawa yake sau huɗu, in ya ninka sau uku, ƙarfin sau tara. Kuma ba gudu ne ke kisa ba, tsayawa farat ɗaya ce. Mu ɗauki mutum mai nauyin kilo 60 a cikin mota mai gudun kilomita 100 a awa. Idan jikinsa ya tsaya cikin tazarar rabin mita, zai ji matsi kusan sau 79 na nauyinsa, wato kamar an ɗora masa kilo 4,700. In aka shimfiɗa tsayawar ta kai mita biyu, matsin zai sauko zuwa kimanin sau 20. Ƙwaƙwalwa kuwa abu ne mai taushi da ke iyo cikin ruwa a ƙoƙon kai. In ƙoƙon ya tsaya, ita takan ci gaba da tafiya har ta bugi ƙashi.

Direbobin da muke zance a kansu sun yi tsere ne da hular ƙyalle ko ta fata da riga mai gajeren hannu. Sai a 1952 aka wajabta hular kwano. Ba sa ɗaura bel, domin sun fi son mota ta jefar da su a kan su ƙone a cikinta. Sakamakon ya bayyana. Caracciola ya farfashe cinya a Monako a 1933, ƙafarsa ta dama ta gajarce, ya ƙare rayuwarsa yana ɗingishi, ko da yake hakan bai hana shi zama zakaran Turai a 1935, 1937 da 1938 ba. Ascari, zakaran duniya na 1952 da 1953, ya rasu a Monza ranar 26 ga Mayu, 1955, yana da shekara 36, daidai shekarun da mahaifinsa Antonio yake da su sa'ad da ya rasu a tseren Faransa na 1925. Ranar 11 ga Yuni, 1955, a Le Mans, motar Pierre Levegh, haihuwar 1905, ta tashi sama ta tarwatse cikin 'yan kallo; shi da mutum fiye da 80 suka halaka. Collins ma, saurayin nan da Fangio ya wuce, ya rasu sakamakon haɗarin da ya yi a filin Nurburgring ɗin a 1958.

Wanda ya taimaka wajen canza tunani shi ma ɗan wannan zamani ne. John Paul Stapp, haihuwar 1910, likita ne a rundunar sojan sama ta Amurka. A watan Disamba na 1954 aka ɗaure shi tamau a kan wata kujera mai tafiya a kan dogo da ƙarfin roka. Ta yi gudun fiye da kilomita 1,000 a awa, ta tsaya cikin sakan 1.4, ya ɗauki matsin da ya kai sau 46 na nauyinsa. Jini ya taru a idanunsa, amma ya rayu. Ya nuna cewa jikin da aka ɗaure da kyau yana jure abin da ba a zata ba. A 1959 Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da bel mai ratsa ƙirji da ƙugu, irin wanda ke cikin motocinmu. An wajabta bel a Fomula 1 a 1972, na'urar tallafe kai da wuya a 2003, da ƙarfen kare kai a 2018. A 2020, a ƙasar Bahrain, motar Romain Grosjean ta daki shingen ƙarfe da matsin da ya kai sau 67, ta rabe biyu ta kama da wuta, amma ya fito da ƙafarsa da ƙuna a hannuwa.

Kammalawa

Fangio ya ajiye tsere a 1958, ya kuma rasu ranar 17 ga Yuli, 1995, yana da shekara 84. Farina da Hawthorn, waɗanda su ma suka tsira daga filin tsere, dukansu a kan hanyar da kowa ke bi suka rasu cikin haɗarin mota, Hawthorn a 1959, Farina a 1966.

Wannan ya kawo mu ga ɗalibin da ke karanta wannan mujalla, wanda gobe zai riƙe sitiyari ko kan babur. Sakan 0.2 da muka ambata na wanda ke zaune a shirye ne. Direban da abu ya zo wa ba zato yakan ɗauki kimanin sakan ɗaya da rabi. A gudun kilomita 100 a awa, mita 42 ke nan kafin birki ya fara aiki, ban da tazarar da motar za ta ja kafin ta tsaya. Babu atisayen da zai rage wannan ya zama sifiri, babu goron da zai biya bashin barci, kuma babu ƙoƙon kan da ya fi kwalta tauri. Abin da ke hannunmu shi ne abin da ya fifita dattijon Balcarce a kan samari: duban nesa, da rage gudu tun kafin a ga dalili. Sai kuma abin da shi da tsararrakinsa ba su samu ba sai bayan an yi asarar rayuka masu yawa, wato bel da hular kwano.